Bututu a ƙarƙashin gonakinmu: wa ke riƙe da tiyar awo?

 

An ce in yi magana a kan nauyin al'umma da ke wuyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati, da yadda suke haɗa shi da sauran buƙatun da ke jan su ta ko'ina. In na tsaya a maganar sama-sama, kafin minti goma rabinku sun koma cikin salula. Saboda haka zan sauko da ita ƙasa, ƙasar gaske wadda ake shuka hatsi a kanta, don akwai wani ƙarfe da aka binne a cikinta, ya ratsa Arewa.

Bututun ɗanyen mai nake nufi. Ya taso daga Kulele, cikin yankin Agadem a jihar Diffa, ya bi ta jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa, ya shigo jihar Doso ta wajenmu, ya gangara Gaya, ya tsallaka kogi ya faɗa ƙasar Benin har tashar Seme a bakin teku. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000. An ƙaddamar da aikinsa a watan Satumba 2019, aka buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 2023. Kamfanin WAPCO ke tafiyar da shi, shi kuma reshe ne na CNPC, kamfanin man ƙasar Sin. An gina shi don ya ɗauki ganga 90,000 kowace rana. Kafin zuwansa, ganga 20,000 kacal Nijar ke haƙowa, waɗanda ake tacewa a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011. Cikin ganga 90,000 ɗin nan, hukumomi sun ce kason Nijar 25.4 cikin 100 ne, wato ganga 22,860 a rana.

Ku ɗan yi lissafi. Ranar da bututun ke aiki sosai, dukiyar da ke wucewa cikin awa guda ƙarƙashin gonar wani dattijo a karkarar Tibiri ta fi abin da shi da ƴaƴansa da jikokinsa za su noma har su koma ga Allah. Shi kuwa yana bisa da kalme a hannu, yana duban gabas ko hadari zai taso.

To, kafin a fara zagi, mu san kayan da ke kan kowa, don wanda bai san nauyin kayan abokin cinikinsa ba, ba ya iya ciniki da shi. Kamfani ya zuba fiye da dalar Amurka biliyan 2 a bututun nan kaɗai. Yana da iyayen gida a Beijin masu jiran kuɗinsu ya dawo da riba, kuma duk ranar da mai bai gudana ba asara ce a littafinsa. Ita gwamnati, kun san halin da aka shiga bayan 26 ga Yuli 2023: takunkumin CEDEAO, an rufe iyakoki, an tsayar da tallafin waje, Najeriya ta yanke wuta. Ga albashi, ga yaƙi. A watan Afrilu 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC, da ruwa 7 cikin 100, za a biya cikin wata 12 da kuɗin man da za a fitar. Irin bashin nan ne da manomi ke ci a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, ya ce sai kaka. Duk ɗan Arewa ya san wannan bashi, ya kuma san yadda muryar mai shi ke yin ƙasa in ya haɗu da wanda ya ba shi a bakin masallaci.

Sai kuma rigimar maƙwabta ta shigo. A watan Mayu 2024 Benin ta hana lodin man a Seme saboda Nijar ta ƙi buɗe iyaka, sai da Sin ta shiga tsakani jirgi na farko ya yi lodi. A watan Yuni aka kama ƴan Nijar biyar a tashar, Yamai ta rufe famfo, mai bai sake fita ba sai watan Agusta. Bashi kuwa ba ya jiran a shirya.

Saboda haka in maigari ya sa an rubuta takarda yana roƙon rijiyar burtsatse, ku sani takardarsa tana kwance ƙarƙashin duk waɗannan. Ban faɗi haka don in wanke kowa ba. Na faɗa don mu daina ɓata lokaci wajen tambayar ko suna son mu ko ba su son mu. Kamfani da gwamnati kullum cikin awo suke: wannan a ba shi, wancan ya jira, wancan a manta da shi. Awon ba zai daina ba, kuma ba kullum zai faɗo ta wajenmu ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ake yin sa.

A kasuwar Dutsi ko ta Kore Mairuwa, in za ka sayi hatsi, a gabanka ake awo. Ga tiya, ga idonka. In an cika ta har tana zuba ka gani, in an rage ka gani. Mai awo na iya ce maka yau hatsi ya hau, ku ja, ku yi rantse-rantse, a ƙarshe ka saya ko ka wuce. Amma ba ya shiga rumfa ya juya maka baya, ya fito da buhu ɗaure ya ce tiya ashirin ce, ka gode wa Allah. In ya yi haka ko yaro ya san abin da ake ciki. Mu kuwa a harkar mai, buhu ɗaure muke karɓa, mu tafa hannu, a ɗauki hoto.

A cikin buhun nan ana cuɗa abubuwan da bai kamata a haɗa ba. Na farko diyya. In aikin amfanin jama'a ya bi ta gonarka, biyan ka doka ce. Dokar ƙwace fili don amfanin jama'a, mai lamba 61-37, tana nan tun 1961, aka gyara ta a 2008 da doka mai lamba 2008-37, kuma abin da take nufi a fili yake: a yi shawara da mai abu, a biya shi daidai, a biya shi kafin a taɓa. A takarda maganar ta ƙare. A ƙasa kuwa nan take farawa, don gonar Arewa ba ta da mai ita guda ɗaya. Gonar gado ce ta gida, ƴan uwa shida, uku suna Legas ko Kwatano wajen bida. Akwai wanda aka ba aro yau shekara ashirin, akwai wanda ke riƙe da jingina. Akwai matar da maigida ya yanka wa gefe tana zuba gujiya da yakuwa, daga nan take sayen sabulu da littafin yara. Akwai gawon da ke tsakiyar gonar, wanda ƴaƴansa ke riƙe awaki da rani. Akwai Bafillacen da bai mallaki ko taki ɗaya ba, amma burtalin da shanunsa ke bi shekara da shekaru ta nan ya ratsa.

Mai aikin da aka ba wa'adi, injuna na jiran sa, kowace rana da kuɗinta, abin da ya fi masa sauƙi shi ne gona ɗaya, suna ɗaya, ambulan ɗaya. Ma'aikacin gwamnati da ke rakiyar sa shi ma daga sama ana matsa masa kada aiki ya tsaya. Ba sai ɗayansu ya zama mugu ba kafin matar nan da Bafillacen nan su faɗo daga lissafi. Gaggawa kaɗai ta isa. Shi ya sa tsarin dokar karkara na 1993 ya kawo kwamitocin filaye, Cofo, har aka sauko da su matakin komin da na ƙauye, don a samu masu cewa wane ke noma nan, wance ke da gefen can, ga inda dabbobi ke bi. Inda Cofo ke da rai, lissafi na fita da sunayen mutane. Inda ta zama suna a takarda, sai wanda ya fi kusa da kujera ya yi magana da bakin kowa.

Na biyu shi ne kason ƙananan hukumomi. Kundin tsarin mulki na 2010 ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, ya ce a buga yarjejeniyoyi da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati, ya ce a raba kuɗin tsakanin baitulmali da ƙananan hukumomi. An jingine kundin a 2023, amma dokar man fetur da ta fassara rabon ta riga shi: tun ta 2007 aka ware 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga na mai ga ƙananan hukumomin jihar da aikin ya shafa, ta 2017 ma ta riƙe wannan kaso. Mafi tsokar kuɗin yana ɗaure da inda ake haƙo man, wato Diffa. Ba na ƙyashin su, su ke zaune da rijiyoyin da ƙurarsu. Su ɗin ma, da mutanen Agadas masu irin wannan kaso a ma'adinai, sun shekara suna bin baitulmali bashin sa. Ƙungiyoyi irin su ROTAB sun sha faɗa. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin yana fara shiga babbar tukunya a Yamai, kuma in wata ya zo ƙarshe ga albashi ga kason wata komin da ke nisan kilomita 1,000, kun san wanda ake cewa ya yi haƙuri.

Tambayar da ta shafe mu ita ce ta garuruwan da mai ke ratsawa kawai. Mu ba mu da rijiya, muna da hanya. Haɗarin hanyar a kanmu yake. Mene ne rabon komin ɗin da bututu ya bi ta cikinta, a wane layi na kasafin kuɗinta yake shiga, nawa aka rubuta, nawa ya iso? Wannan tambaya ce da ake amsawa da lamba, kuma ba zagin kowa a cikinta.

Sai na uku, kyauta. Aji biyu, rijiya, motar ɗaukar marar lafiya, buhunan shinkafa da azumi, rigunan ƙwallo. CNPC da kansa yana yawan shelar rijiyoyi da azuzuwan da ya gina a ƙasar nan. Ni ba na raina kyauta. Wanda ya taɓa ganin mata a ƙauyukan tudu, nesa da fadama, suna jan guga da jaki tun asuba, ba zai yi wa famfo dariya ba ko wa ya kawo shi. Sai dai kyauta mai bayarwa ke zaɓen ta, shi ke zaɓen ranarta, kuma yana son abin da ke kyau a hoto. Gini na kyau a hoto. Albashin malamin da zai shiga ajin, da kuɗin gyaran famfo bayan shekara uku, ba su fita a hoto, sai a bar wa komin da ko man babur ɗin ma'aikacinta da ƙyar take saye. Kowace komin tana da tsarin raya ƙasa nata, PDC, wanda aka zauna da ƙauyuka aka jera abin da ya fi gaggawa. Kamfanin da ke son taimako da gaske sai ya buɗe shi ya ɗauki na sama.

Babban haɗarin kyauta shi ne in ta zauna a kujerar diyya da ta kaso. An ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Gari ya karɓi rijiya da bikin buɗewa, gobe wani ya tashi yana tambayar kuɗin gonarsa ko lissafin komin, sai dattawa su ce masa: "Kai yaro, mutanen ga da sunka yi muna ruwa za ka ja wa magana?" Shi ke nan, an sayi shiru da araha, ko da mai bayarwar bai yi niyyar saye ba.

Kada ku ɗauka kamfanin waje kaɗai ke cikin wannan tsaka mai wuya. Ku dubi namu na gida, SONIDEP. A watan Yuli 2024 aka rage kuɗin fetur zuwa sefa 499 lita, dala ɗari ba tamma guda, gazuwal kuma ya sauko 618. Ƴan kabu-kabu sun ji daɗi, masu injin ban ruwa a lambunan dankali na Dutsi sun ji daɗi, ni ma na ji. Ƙasa mai mai ta sassauta wa talakanta, wa zai ce a'a? Amma mu ƴan bakin iyaka mun san wani abin da ya faru kafin nan. Shekara da shekaru, babban ɓangare na man da ake ƙonawa a ƙasar nan ruwa-ruwa ne, na kwalba da jarka, mai shigowa daga Kabi da Sakkwato saboda Najeriya na biyan tallafi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya cire tallafin. Ruwa-ruwa ya yi tsada, ya janye, kowa ya koma gidan mai. Matatar da aka gina don ganga 20,000 ta wayi gari ana neman ta ciyar da ƙasa duka, a farashin da ya sa har wasu ke kwasar namu suna fita da shi. A watan Maris 2025 kun ga layin da aka yi a gidajen mai, sai da aka je Abuja neman tankoki.

Niyyar ta alheri ce, amma kowane ragi yana da wanda ke biyan sa. In ba a faɗi ko wane ne ba tun farko, zai bayyana daga baya, a layin mai ko a bashin da ke tsakanin SONIDEP da matata. Mun taɓa ganin irin sa a kiwon lafiya. A 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 magani kyauta, gwamnati za ta mayar wa gidajen likita kuɗinsu. Yara da yawa sun rayu ta dalilin wannan. Amma mayarwar ta riƙa makara har bashi ya taru, CSI ta rasa abin sayen magani, uwa ta zo da yaro a ce mata kyauta ne, a miƙa mata takarda ta tafi farmasi. Yanzu da aka rage rabin kuɗin ganin likita tun Satumba 2024, abin da ya kamata ƴan kwamitin kula da CSI na kowane gari su riƙa dubawa shi ne ko cikon yana isowa, kuma a wane wata.

Mu koma kan bututu, wajen da maganar ta fi zafi. Ranar 12 ga Yuni 2024, an kashe sojoji shida masu gadin bututun tsakanin Salkam da Tibiri. Allah Ya jiƙan su. Ƴaƴan talakawa ne kamar mu, wataƙila wani a nan ya yi lakwal da ɗayansu. Daga ƙarshen 2024 kuma aka fara jin labarin fasa bututun ta wajen Lido da Karakara. Ina so in faɗi wannan da babbar murya: wanda ya fasa bututu a dallol Mawri, mu ya fasa wa. Ruwan fadamarmu kusa yake, wani wurin taku kaɗan ka tono ka same shi, shi muke sha, shi ke shayar da rake da albasa da dankali. Kamfani na liƙe ƙarfensa cikin ƴan kwanaki ya ci gaba. Ƙasar da ta sha ɗanyen mai ba ta warkewa haka. Ku tambayi Ogoni a kudancin Najeriya, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Tsaro kuma shi ne buƙatar da ke cinye sauran buƙatu in an rufe ƙofa. Chadi ta riga mu shiga wannan. Da za a gina bututun Doba zuwa Kribi, wanda ya fara aiki a 2003, Bankin Duniya ya sa aka yi doka a 1999: kashi 10 cikin 100 a ajiye wa masu zuwa, mafi yawan saura ya tafi lafiya da ilimi da hanyoyi, kashi 5 ga yankin da ake haƙowa. A ƙarshen 2005, ƴan tawaye na matsowa, Idris Debi ya sa aka canza dokar, aka soke asusun masu zuwa, aka shigar da tsaro cikin abubuwan gaba. A 2008 Bankin ya tattara ya fita. Barazanar da Debi ya gani gaskiya ce, har cikin Njamena aka yi faɗa. Abin da nake so ku lura da shi daban ne: saboda rabon a rubuce yake, da lambobinsa, ranar da aka taɓa shi kowa ya san abin da aka ɗauka da wanda aka ɗauke wa. Wanda aka yi wa alkawari da baki, ko an cinye ba ya da abin nunawa.

Najeriya ta gwada wata hanya. Dokar mai ta 2021 ta tilasta wa kamfanoni su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata a asusun garuruwan da ke ɗauke da aikin, kuma ɗaya daga cikin manyan gardamomin da aka yi lokacin ita ce shigar da garuruwan da bututu ke ratsawa. Wannan ɓangaren ya burge ni, don ya fitar da abin daga hannun ganin dama. Amma dokar ta ƙara cewa in aka lalata kayan aiki a yankinku, daga asusunku za a cire kuɗin gyara. Wannan kam ban yarda da shi ba. Ƙauyen da ƴan bindiga suka shigo wa da dare a kan babura, ba shi da ko bindigar toka, a ce shi zai biya? Ya zama an kashe ka an kuma ci ka tara. In wata rana aka zo rubuta irin wannan doka a nan, mu ɗauki rabin farko mu bar masu na biyu.

Maganar aiki, wadda na san ita ta kawo da yawanku. Ba zan yi maku daɗin baki ba: bututu na cin mutane da yawa lokacin gini, in an binne shi sai ƴan kaɗan. Wanda ya ce maku zai ɗauke zaman kashe wando a Arewa, yaudarar ku yake. Amma ƴan kaɗan ɗin nan su wane ne, nawa ake biyan su, wa ake koya wa aikin injiniya, wa ke samun kwangilar abinci da sufuri da gadi, duk awo ne. A watan Agusta 2024 an yi dokar fifita ƴan ƙasa a ayyuka da kwangiloli. A watan Maris 2025 gwamnati ta kori manyan jami'ai uku ƴan Sin, na CNPC da WAPCO da SORAZ, kuma ministan mai, Sahabi Umaru, ya kawo dalili da lamba: baƙo na ɗaukar kusan dalar Amurka 8,700 a wata, ɗan ƙasa a irin matsayinsa 1,200. Kun ga abin da lamba ke yi? Shekaru ana gunaguni a kan wannan bambanci a fada da wajen shan shayi, bai motsa komi ba. Ranar da aka ajiye lambobi biyu gefe da gefe, gardama ta ƙare. Ina jinjina wa gwamnati a kan wannan, ina kuma roƙon ta da abu guda: tiyar da ta auna kamfani da ita a bainar jama'a, ta bari a auna nata lissafin da ita.

Wani zai ce, to wa za mu tambaya? Tambaya ce mai kyau, don tun Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi, waɗanda muke kira AD. Da, kana da kansila a unguwarku ko ƙauyenku, ko ba ya da amfani kana iya tare shi a wajen suna. Yanzu wanda ke kujerar daga sama aka turo shi, sama yake kai wa rahoto. Wasunsu na aiki tuƙuru, amma zaman da ake karanta kasafin kuɗi a gaban wakilan jama'a ya ragu, saboda haka nauyin tambaya ya dawo kan sarakuna, da ƙungiyoyin manoma da makiyaya da mata, da ku masu karatu.

Kuma takardun suna nan. Dokar 2018 ta binciken muhalli ta wajabta wa babban aiki irin wannan ya yi nazarin illarsa, ya rubuta tsarin yadda zai kare mutane da ƙasa, hukumar BNEE ke sa ido. A irin wannan tsari ake rubuta abin da za a yi in mai ya zuba, wa za a kira, wa zai kwashe gurɓatacciyar ƙasa, wa zai auna ruwan rijiya. Akwai jerin waɗanda aka biya diyya da ma'aunin da aka bi. Akwai kasafin kuɗin komin. Akwai kuma dokar 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. A rubuta wasiƙa da ladabi, da sunan ƙungiya, a kai, a karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata da hatimi, a riƙe kwafi. In ba amsa a sake rubutawa, a haɗa da kwafin ta farko. Aiki ne marar daɗi, ba ya kawo tafi a Facebook, kuma a yanayin da muke ciki shi ya fi wuyar a juya shi a ce maka maƙiyin ƙasa, tunda dokar ƙasar ce ka ɗauka ka miƙa.

Ku da ke Yamai da Doso da nan cikin Dutsi, yawancinku kuna da ƙauye. In kun koma da salla ko da kaka, ku zauna da tsofaffi da littafi a hannu. Gonar wa aka bi? Wa aka rubuta, wa ke noman ta a lokacin? Itace nawa aka sare, an lissafa su? Burtali ya tsira? In an ga mai na tsattsafowa da dare, lambar wa maigari zai kira, yana da ita? Ku tambayi matan gidan a keɓe, don amsarsu takan bambanta da ta zaure. Ku rubuta har da abin da aka yi daidai, wanda aka biya shi cif ya ce an biya shi, don ranar da za a zauna da kamfani da kantoma, littafin da ke da yabo da ƙorafi shi ake kasa turewa.

Na ga mai riƙe da lokaci yana ɗaga mini hannu tun ɗazu. Akwai ƴan Geceme da ƴan Dumega a cikinmu, su suka fi ni sanin abin da ke ƙasa, ina so a fara ba su magana kafin a shiga tambayoyi.